Salansar Motata Da Lissafin Da Ya Karkace

Ni akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, wanda dattawan garinmu har yau ba su daina kiransa En'e ba, ko da ya ke tun 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi irin na yanzu. Gidanmu yana Ƙofa, cikin ƙasar Bebeji. Aikina rubutu ne da lissafi: abin da ya shigo a rubuta, abin da ya fita a rubuta, a ƙarshen wata a ga ko sun daidaita. Na faɗi wannan tun da fari don mai karatu ya sani wanda zai ba shi labarin nan ba baƙon lissafi ba ne. Duk da haka akwai wani lissafi da na yi wata da watanni ina yinsa a karkace, har ya kusa raba ni da 'yata. Lissafin kuwa na salansar mota ne.

A 2019 na kwashi adashi, na haɗa da kuɗin bijimi guda, na sayi wata 'yar mota ƙirar Jamus, irin waɗanda mu ke kira 'yan Kwatano. Motocin nan sun gama ƙuruciyarsu a ƙasashen Turai kafin a ɗoro su a jirgin ruwa. Can kuwa, in ƙanƙara ta rufe hanya, gishiri a ke watsawa don ta narke, kuma kowa ya san abin da gishiri da laima ke yi wa ƙarfe. Ran da zan saye ta na duba fenti, na duba tayoyi, na murɗa rediyo na ji tana magana. Abu ɗaya ne ban yi ba, watau in durƙusa in leƙa ƙarƙashinta, domin ranar babbar riga ce a jikina.

Shekara huɗu muna zaman lafiya da ita. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 sabon Shugaban Ƙasa, Bola Tinubu, ya ce an janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ɗaya ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, daga baya ma ta wuce nan nesa. Na zauna na auna albashina, na ga mota ta fi ƙarfin zuwa ofis kullum. Sai na kafe ta gindin darbejiyar ƙofar gida, na koma kan tsohon babur ɗina. Abokai suka ce mini mota ba ta son zama, in riƙa tayar da ita kowace safiya kamar minti biyar don kada batir ya mutu. Na karɓi shawarar nan hannu biyu. Kullum in na dawo daga masallaci da asuba sai in tayar da ita, ta ɗan yi gurnani, in kashe. Fiye da shekara guda ban yi fashi ba, ina ganin kaina mai tattali.

Da daminar 2024 ta yi nisa, wata rana na ɗauke ta za ni ɗaurin aure Kiru, sai na ji muryarta ta sake. Kafin in dawo ta zama kamar injin niƙa. Yara suka riƙa bina da gudu suna cewa jirgi ya sauka, masu zama bakin hanya kuwa tun ban iso ba sun san Akawu ne tafe. To, gaskiya ita ce, ba lafiyar motar ce ta dame ni ba, kunya ce ta dame ni. Saboda haka abin da na tashi nema shi ne maganin ƙara, kuma mafi araha.

Da fari ni da babban ɗana muka yanka gwangwanin madara, muka naɗe hudar da ke jikin tukunyar baya, muka ɗaure da waya. Ya yi mako biyu ya faɗi. Sa'an nan na kai ta wurin wani yaro mai walda a bakin hanya, ya ɗora faci, na biya. Bayan wata guda ta ɓalle daga gefen facin, ya ɗora wani, na biya. Na uku ma haka. Kowane lokaci sai in rubuta a littafina, in ce ai wannan kaɗan ne in an gwada da kuɗin sabuwar salansa. Bayan faci na uku ƙarar ta kwanta. Saura wani ɗan huci siriri da na ke ji daga gaba, wajen ƙarƙashin ƙafafuna, kamar na maciji. Da ya ke maƙwabta ba sa jinsa, ni ma na ƙyale shi.

Cikin watan Janairu na 2025, hunturu ya kankama, aka aiko mana 'yar ƙanwar mahaifiyata ta haihu a ƙasar Doguwa. Ran suna muka yi sammako, ni da Inna da uwargida da yara biyu. Sanyi har cikin ƙashi, ga hazo, saboda haka muka ɗage gilasai duka, uwargida ma ta cusa ɗankwali inda iska ke ɗan shigowa don kada mura ta kama Inna. Muka karya ta Kwanar Ɗangora, muka miƙa hanyar Tudun Wada. Muna wuce Tudun Wada uwargida ta ce kanta yana sarawa. Na ce rashin karin kumallo ne, ta yi haƙuri mu isa.

Muka shiga dajin Falgore. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin da direba ke son tsayawa ba ne, kowa addu'a ya ke ya ga ya fita. Autarmu yarinya ce 'yar shekara shida, wadda ba ta iya rufe baki ko ana cin abinci. Can na lura na daɗe ban ji muryarta ba, na ce a raina barci ya ɗauke ta. Ni kaina a lokacin goshina yana bugawa kamar ana daka, idanuna sun yi nauyi, hannuna ya yi sanyi a kan sitiyari. Sai na ji uwargida ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ba barci ta ke ba. Na girgiza ta, wuyanta ya saki." Kafin ta rufe baki yayan yarinyar ya fara amai.

Inna ce ta cece mu, bayan ikon Allah. Da ya ke ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai ɗan nan, sauke gilasan nan maza! Na san ciwon kan nan. Irin na ɗakin da aka kwana da garwashin gawayi ne." Na sauke gilasai duka huɗu, iskar hunturu ta shigo kamar bulala. Ban yarda na tsaya cikin dajin ba, sai da muka ga gidaje da mutane. Muka shimfiɗa yarinya a fili, bayan ɗan lokaci ta buɗe ido ta fashe da kuka. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Muka kai su asibiti mafi kusa. Malamin asibitin ya tambaye mu yadda aka yi, ya duba yaran, ya ce maganar Inna gaskiya ce. Ya ce cikin hayaƙin inji akwai wata iskar guba da a ke kira kabon monoksayid. Ita ce ke fita daga gawayin da ke ci cikin rufaffen ɗaki, ita ce kuma ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin hayaƙin da hanci ke ji na waɗansu abubuwa ne dabam da ke tafe tare da ita. In ta shiga huhu, jini ya fi kama ta fiye da yadda ya ke kama iskar kirki sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya shiga yunwar iska alhali mutum yana numfashi. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da barci mai nauyi. Ta kan fara kayar da yara, domin sun fi manya saurin numfashi. Ya ce babbar alamar da ba ta ruɗi ita ce a ga mutanen da ke wuri ɗaya duk ciwon kai ya kama su lokaci ɗaya. Abin yi kuwa shi ne a fitar da su fili nan da nan, a kashe injin, sa'an nan a kai su asibiti ko da sun ce sun warware.

Washegari na sa iyali a motar haya. Ni kaɗai na tuƙo tawa da rana tsaka, gilasai a sauke, ƙura na shiga mini ido. Ban nufi gida ba, sai wurin wani dattijo mai walda a kan hanyar Kano zuwa Zariya, wanda aka daɗe ana ba ni labarinsa ina ƙin zuwa, don an ce ba ya yin ragi. Ya koyi sana'a tun zamanin da a ke harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Na gaishe shi na ce, "Baba, faci na zo a yi mini, amma na kirki." Ya dube ni ya ce, "Malam, hau da ita kan rami tukuna. Tuɓe rigar nan, tare za mu shiga."

Ranar na fara ganin cikin motata, bayan shekara biyar da saye. Ya bari ta huce, sa'an nan ya bi salansar da ni daga kai har wutsiya. Ashe abin da mu ke kira salansa da baki ɗaya gaɓoɓi ne. Akwai bututun gaba da ke karɓar hayaƙi daga inji, mai wata gaɓa kamar saƙar raga don ya jure girgiza. Bayansa akwai 'yar tukunya ta farko, wadda makanikai ke kira Indomie saboda cikinta ya yi kama da dunƙulen taliyar nan. Sai dogon bututun tsakiya, sai babbar tukunyar baya mai kashe ƙara, sai wutsiya. Dukansu a rataye su ke da zoben roba.

Ya ɗauki sufana ya riƙa ƙwanƙwasawa yana cewa in saurara. Inda ƙarfe ke da rai sai ka ji ya amsa da zaƙi kamar ƙararrawa. Inda ya mutu sai ka ji dum, tsatsa na zubowa kamar garin dawa. Da ya zo tukunyar baya, wadda na kashe wa kuɗi har sau uku, ya danna ta da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ce, "Walda aure ce, Malam, sai da ɓangare biyu masu rai. Wanda ya yi maka facin nan ya ɗaura wa sabon ƙarfe aure da gawa." Sa'an nan ya sa yaronsa ya tayar da inji, ya toshe bakin wutsiya da tsumma na ɗan lokaci kaɗan. Nan take hucin nan na maciji ya tashi da ƙarfi daga gaba. Ya haska tocila, na ga gaɓar ragar ta tsage, baƙin hayaƙi ya yi mata zane. Daidai samanta kuma, a daɓen motar, akwai huda biyu da tsatsa ta ci, waɗanda kafet ya rufe mini su.

Ya ce, "Ga wadda ta so kashe ku. Ta baya mai kururuwa ce, maƙwabta kawai ta ke damu. Wannan mai raɗa ita ce makira." Dalili kuwa, aikin 'yar tukunyar nan ta farko shi ne ta mai da mafi yawan iskar gubar ta zama marar lahani kafin ta fita. Hudar da ke gabanta ɗanyen hayaƙi ta ke fitarwa, wanda bai bi ta matata ba, kuma a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Ya ƙara da cewa irin wannan tsaga ta kan ruɗi 'yar na'urar da ke auna hayaƙi, inji ya riƙa zuƙar mai fiye da ƙa'ida. Na tuna lalle na ga shan manta ya ƙaru, na ɗora laifin a kan masu gidan mai.

Da aka kwance tukunyar baya, ya karkata ta, sai ga baƙin ruwa yana tsiyaya, ya kusa cika kofin shayi. Na ce, "Baba, a tsakiyar rani ina ta samo ruwa?" Ya tambaye ni yadda na ke hawanta, na gaya masa zancen minti biyar na asuba. Ya yi dariya har ya dafa bangon rami. Ya ce, "To, ai kai ka ke yi mata ban ruwa kowace safiya."

Daga baya na bi diddigin maganar, na tarar haka ta ke. Duk lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya, amma tururi ne. In mota ta yi tafiya mai nisa, salansa ta kan yi zafi tun daga kai har wutsiya, tururin ya fice. In kuwa minti biyar ne, tukunyar baya ba ta yi zafi ba, sai tururin ya kwanta cikinta ya koma ruwa, kamar yadda ya ke taruwa a murfin tukunyar tuwo. Cikin fetur kuma akwai ɗan burbushin farar wuta, wanda ke sa ruwan nan ya yi tsami mai cin ƙarfe. Gishirin Turai ya ci ta daga waje, ni kuma na ci ta daga ciki, da sunan tattali.

Sai maganar kuɗi. Sabuwar salansa cikakkiya daga kanti, a lokacin, ta fi kuɗin buhun masara uku, ni kuwa ba ni da su. Muna cikin magana wani saurayi da ke zaune gefe ya matso ya ce in ina so zai sayi tukunyar Indomie ɗin, a sa mini miƙaƙƙen bututu a madadinta, kuɗin ya ishe ni gyara har in sami canji. Abin da ya sa a ke sayenta shi ne cikinta an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, wanda yawancinsa daga Afirka ta Kudu a ke haƙo shi. Tun 1975 aka fara sa ta a motocin Amurka don rage gubar hayaƙi, daga baya Turai ta bi. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata, har na fara lissafi. Dattijon bai ce mini kada in sayar ba. Cewa ya yi, "Malam, wa ke zama a baya in kana tuƙi?" Na ce wa saurayin na gode.

Ga yadda muka yi. Dattijon ya raba salansar kashi uku: abin da za a bari, abin da za a gyara, abin da za a zubar. Bututun tsakiya da 'yar tukunyar farko suna da rai, aka bar su. Gaɓar raga aka yanke ta, aka sa sabuwa fil, domin ya ce a nan ba a neman araha. Tukunyar baya kuwa ya ce in je kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano in sayo ta hannu. Ya ba ni tsohuwar in tafi da ita don gwaji, ya kuma yi mini gargaɗi uku: in ɗaga in ji nauyinta, gama wadda tsatsa ta cinye ba ta da nauyi, in girgiza, in na ji kwaram-kwaram a ciki in ajiye, in kuma yi hattara da wadda aka shafe da sabon fenti. Na sayar da buhun masara guda daga rumbu, na je na zaɓo. Aka sake zoben roba duka, domin in sun saki nauyin salansa ne ke karya gaɓoɓinta. Aka ɗaga kafet aka toshe hudojin daɓe da faranti, aka sake robar murfin but, don hayaƙin da ya fita ta wutsiya ya kan kewayo ya shiga ta nan. Na lura kafin ya kunna wutar walda sai da ya kare tankin mai da bututunsa da falle, kuma bai yarda yaronsa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga ba.

Da na koma gida na buɗe littafina. Faci uku, da kuɗin asibiti, da kuɗin motar hayar da ta dawo da iyali, sun kusa kuɗin buhu guda. Gyaran gaskiya ya ci buhu guda da 'yan kai. Watau na biya kuɗin gyara sau biyu, na farkon a banza. Wannan kuwa abin da ke rubutuwa ke nan. Wuyan yarinyar nan da ya saki a dajin Falgore ba shi da layi a littafin akawu.

To, 'yan'uwana, ban rubuta wannan don in ce talaka ya sayi sabon abu ba, gama na san yadda aljihu ya ke. Faci ba laifi ba ne in ƙarfen da ke kewaye da hudar yana da rai, kayan hannu kuma ba abin kunya ba ne in an zaɓa da ido. Abin da na ke cewa shi ne mutum ya san inda zai yi tsimi da inda ba a yinsa. In kuɗinka bai kai a gyara duka ba, fara da hudar da ke gaba, ƙarƙashin mutane, ko da ƙarar baya za ta ci gaba da tara maka yara. Kafin ka sami kuɗin, kada ka rufe gilasai duka, kada kuma ka bar yara cikin mota inji na aiki tana tsaye. Wanda ba shi da mota ma maganar ta shafe shi, domin motocin hayar da mu ke cika su makil a hanyar Tudun Wada da Doguwa yawancinsu sa'o'in tawa ne. In kana ciki ka ji kanka na sarawa, ka ga na kusa da kai ma yana dafe goshi, kada ka ji nauyin kowa, ka ce a sauke gilashi.

Yanzu na daina tayar da ita da asuba. Sau ɗaya a mako na kan ɗauke ta in yi tafiyar da za ta yi zafi sosai, wani lokaci har bakin madatsar ruwa ta Tiga, in haɗa da wata buƙata don kada man ya tafi a banza. Duk ƙarshen damina kuma na kan tuɓe babbar riga in shiga rami da sufana. Inna har yau in za ta shiga motar sai ta sauke gilashin gefenta da faɗin yatsa biyu, ko ana sanyin da ya fi na bara. Ban taɓa ce mata ta ɗage ba. Allah ya kiyashe mu da abin da ido ba ya gani, amin.